Yadda ake ɗanɗana giyar bita irin ta Ingila, a kuma ba ta maki

Harshen mai shan giya a Jos laga ce ta rene shi: kwalba ta fito daga firji tana zufa, gas ya cika ta, ana kurɓa sanyi ya bugi haƙori. Tun da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 manyan kamfanoni suka koma ga dawa da masara, bakinmu ya ƙara sabawa da giya mai sauƙin ɗanɗano. A ɗaya gefen ga burkutu da tsaminsa da kaurinsa. Cikin biyun babu wanda ke shirya mutum ya fahimci bita. Shi ya sa in ƙaramin gidan giya, irin masu dafawa kaɗan-kaɗan da hannu, ya fitar da ita, sai ka ji an ce "ai ta sace", ko "ba ta yi sanyi ba", alhali kuwa haka aka nufa ta kasance. Wannan bayani na manya ne da suka wuce shekara 18, waɗanda addini ko rashin lafiya bai hana su sha ba, kuma wanda zai tuƙa mota ya zama shi ne mai zubawa da rubuta lamba, kada ya kurɓa.

Abin da ya kamata ya kasance cikin kwalbar

Bita giya ce ta gidajen sha na Ingila, ta samo asali daga giyar da garin Burton ya yi suna da ita a ƙarni na 19. Ruwan Burton yana da gishirin jifsam mai yawa, shi ke sa ɗacin ya fito a bushe, ya tsaya cak, bai yi yauƙi a maƙogwaro ba. Kayan haɗinta kaɗan ne: tsiron sha'ir mai haske, wanda ya fi suna shi ne Maris Otter, da ɗan tsiron da aka gasa har sukarinsa ya ƙone kaɗan, da furen hof, mai ba giya ɗaci da ƙamshi, na Ingila irin su Fuggle da East Kent Goldings da Challenger, sai yis ɗin da ke aiki a ɗumin digiri 18 zuwa 20 yana barin ƙamshin 'ya'yan itace.

Ƙa'idar BJCP, wadda alƙalan gasar giya suka fi bi, ta raba ta uku. Ordinary Bitter ƙarfin barasarta kashi 3.2 zuwa 3.8 cikin ɗari, ɗacinta a ma'aunin IBU 25 zuwa 35. Best Bitter 3.8 zuwa 4.6, ɗaci 25 zuwa 40. Strong Bitter, wadda wasu ke rubuta wa ESB, 4.6 zuwa 6.2, ɗaci 30 zuwa 50. Kafin ka buɗe, karanta takardar kwalbar ka san a wane aji mai giyar ya sa ta, domin da wannan ajin za ka auna ta. In ya rubuta Best Bitter amma ƙarfinta ya kai 6, tun nan ya fita layi.

Lambar IBU ita kaɗai tana ruɗi. Wanda ya saba da baƙar Guinness ta Najeriya mai ƙarfin 7.5 zai ga ɗacin IBU 35 ba wani abu ba ne. Abin lura shi ne giyar ba ta da jiki mai yawa da zai rufe ɗacin, saboda haka 35 a cikin giya mai ƙarfin 4 yana fitowa fili fiye da yadda lambar ke nunawa. Duba kuma ranar da aka ɗura ta a kwalba da lambar NAFDAC. Bita ba giyar ajiya ba ce. Wadda ta haura wata uku ko huɗu a kanti mai zafi, duk abin da ka ji a cikinta rabin hukuncin na kantin ne.

In an rubuta cewa akwai yis mai rai a ciki, ko ka ɗaga kwalbar a haske ka ga ɗan laka a gindi, tsayar da ita a miƙe kwana ɗaya ko biyu kafin zama. Kada a kwantar, kada a girgiza.

Sanyi

A nan ne aka fi ɓata ta. A Ingila ana ajiye gangar bita a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai sanyin digiri 11 zuwa 13, kuma ƙungiyar CAMRA, da aka kafa a 1971 don kare giyar ganga, wannan sanyin take nema. Firjin gida mai lafiya yana tsakanin 3 da 5. A wannan sanyin ƙamshi ba ya tashi, zaƙin tsiro yana ɓuya, sai ɗaci ya rage shi kaɗai, mai kaifi, kamar an jiƙa magani. Haka nan aibobi da yawa suna ɓoyewa, sai ka ba giya mai matsala makin da ba ta cancanta ba.

Kada ka dogara da "a fito da ita minti ashirin kafin a sha". Minti ashirin na daren Disamba a unguwar Rayfield ta Jos daban yake da na tsakar ranar Maris, kuma da yadda wuta ke zuwa tana tafiya ba ka san ainihin sanyin firjin ba. Hanyar da ba ta kuskure ita ce bokiti. Zuba ruwa, sa ƙanƙara kaɗan-kaɗan kana dubawa da ma'aunin zafi irin na kicin har ya tsaya a 11 ko 12, sannan ka tsayar da kwalaben ciki har wuya na tsawon minti 40. In ruwan ya hau 14 ƙara ƙanƙara ƙwaya biyu. Lokacin hunturu ruwan da ya kwana a waje a Jos kan yi sanyin da ƙanƙara kaɗan zai ishe shi, amma a auna tukuna. Firiza kuwa a manta da ita.

Kofi da wurin zama

Kofin gilashi marar launi, kowa da irin na ɗan'uwansa, wanda bakinsa ya ɗan tsuke ya fi tara ƙamshi. Maiƙo shi ne abokin gabar kumfa. Soson da aka wanke tukunyar miya da shi kada ya taɓa kofin. A ware masa nasa, a yi amfani da sabulu marar turare, a ɗauraye sosai, a kife ya bushe da kansa. In ka zuba giya ka ga ƙananan ƙwayoyin gas sun manne a jikin gilashin daga ciki, kofin bai wanku ba, canza shi. Ga wani abu da ake mantawa: da hunturu kowa leɓensa da man kaɗanya ko basilin. Kurɓa ɗaya ya isa ya kwantar da kumfar gaba ɗaya, sai a ɗora wa mai giya laifin da ba nasa ba. A goge baki kafin a zauna.

Wurin ya yi nesa da hayaƙin mai tsire, da janareta, da maganin sauro, da turaren wuta. Masu ɗanɗanawa kada su fesa turare. Awa ɗaya kafin zama ban da goro, taba, kofi, yaji da alewar mura. Goro musamman yana barin ɗaci da bauri da za su gauraye da na giyar har ka kasa raba su. Wanda ƙurar hunturu ta toshe wa hanci ya haƙura da ba da maki ranar. A ajiye ruwan sha marar sanyi da busasshen biskit marar sukari ko burodi don wanke baki tsakanin giya da giya.

Mutum ɗaya ya rufe kwalaben da takarda ya sa musu lamba. Kowa a zuba masa kamar mililita 80 zuwa 100. Kwalbar 60cl za ta ishi mutum shida, ta 33cl mutum uku. A fara da mai rauni a ƙare da mai ƙarfi, kuma kada a wuce giya shida a zama ɗaya, domin ɗacin hof yana taruwa a harshe, ta bakwai ba za ta samu adalci ba. Wajen zubawa karkata kofin, in ya kai rabi ka miƙe shi ka zuba a tsakiya don kumfa ta tashi kamar kaurin yatsa. Mai yis a gindi a zuba ta a hankali cikin jug a karo ɗaya, a bar ɗan na ƙarshe a kwalbar, sannan a raba.

Hanci kafin ido

Ana zubawa kai kofin hanci, kada ka tsaya kallon launi, domin wasu ƙamshin cikin minti ɗaya suke gudu. Shaƙa gajere-gajere sau uku ko huɗu. Doguwar shaƙa tana gajiyar da hanci. Sannan rufe bakin kofin da tafin hannu, juya shi a hankali, buɗe ka sake shaƙa.

Abu uku kake nema. Na farko tsiro: ƙamshin ɓawon burodi da ya gasu, ko busasshen biskit, da ɗan na alewar madara ko ƙonannen sukari a bayansa. Na biyu hof, kuma na Ingila ba ya ihu: ƙamshin ƙasa bayan yayyafi, busasshiyar ciyawa, ganyen shayi, ɗan fure, wani lokaci ɓawon lemu da aka dafa da sukari. Na uku abin da yis ya bari, kamar nunannen tuffa ko busasshen inabi. Kowannensu daga kaɗan zuwa matsakaici. In mangwaro ko abarba ko ƙaron itace ya buge ka tun kofin bai iso hanci ba, an yi amfani da hof na Amurka ko makamancinsa da yawa. Tana iya yin daɗi ƙwarai, amma ta bar gidan bita, kuma dole maki ya nuna haka. Ɗan warin ashana da ke tashi da farko ya ɓace ba laifi ba ne a giyar da aka yi da ruwa irin na Burton.

Rubuta abin da ka ji nan take, kafin na kusa da kai ya buɗe baki. Da mutum ɗaya ya ce "ayaba", duk teburin zai ji ayaba.

Kallo ba ya ɗaukar lokaci. Ɗaga kofin gaban farar takarda: launi daga ruwan zuma zuwa jan ƙarfe, ta yi garau, kumfa fara ko mai ɗan duhu. Kumfa kaɗan ba aibi ba ne a wannan giyar.

Baki

Kurɓar farko ta wanke baki ce, kada ka yanke hukunci a kanta. A ta biyu ɗauki abin da zai rufe harshe duka, riƙe shi daƙiƙa biyar, haɗiye, rufe baki ka fitar da numfashi ta hanci. Masu ɗanɗana ruwan inabi suna tofarwa. Mai auna bita dole ya haɗiye, domin rabin labarinta yana abin da ya biyo bayan haɗiyar.

Bi ta daki-daki. Da farko zaƙin tsiro zai zo, marar yawa, mai gardi. A tsakiya 'ya'yan itacen yis da ɗanɗanon hof su haɗu da shi. A ƙarshe ɗaci ya karɓe, bakin ya bushe. Ƙirga daƙiƙa talatin bayan haɗiya ka lura da abin da ya rage. Ɗaci mai kyau yana raguwa a hankali ya bar baki a wanke, har ka ji hannunka ya koma kan kofin da kansa. Mummuna yana maƙalewa a bayan harshe yana ƙaruwa. An gina wannan giyar ne don a sha kofin mililita 568 a sake wani ana hira, saboda haka wadda ta burge ka a kurɓa ɗaya amma ka ji ba za ka iya gama kofi ba ta faɗi jarrabawarta.

A rarrabe ɗaci da bauri, domin sababbin alƙalai suna haɗa su. Ɗaci ɗanɗano ne. Bauri kuwa ji ne a fatar baki, irin yadda ɗanyar ayaba ko shayin da ya daɗe a ruwa ke tattare dasashi. Ɗaci dole ne a bita. Bauri aibi ne, kuma yawanci yana zuwa ne in an wanke dusar tsiro da ruwan da ya yi zafi fiye da kima ko aka yi ta tatsar ta har ɓawon ya saki abin da ke cikinsa.

Wajen gas ne harshen laga ke yaudarar mutum. Bitar ganga tana ɗauke da kusan rabin gas ɗin laga. Ta kwalba ta fi ta ganga gas, har ƙarfinsu kan bambanta: London Pride ta kamfanin Fuller's 4.1 ce a ganga, 4.7 a kwalba. Duk da haka in gas yana cizon harshe, juya kofin ka rage shi kafin ka ci gaba, ka kuma rubuta cewa ya yi yawa. Jikinta tsakanin sauƙi da matsakaici yake. In ta yi salam kamar ruwa an gaza, in ta yi danƙo a leɓe yis bai gama cin sukarin ba. Kada a ji zafin barasa a maƙogwaro, sai dai ɗan ɗumi a Strong Bitter.

Bar ɗan saura a kofin ka koma masa bayan minti goma. Da ta hau digiri 15 ko 16 duk abin da ke ɓoye zai fito.

Aibobi, da inda kowanne ke fitowa

Warin bota ko gugguru mai man shanu, tare da santsi a harshe, sinadarin dayasetil ne. Yis ne ke yin sa, shi ne kuma ke shanye shi in an ba shi lokaci. Mai giyar da ya yi gaggawar sanyaya ta ko raba ta da yis zai bar shi a ciki. Bita na cikin giyoyin da ake yafe wa ɗan kaɗan daga cikinsa, amma in shi ne abin da ka fara ji, ko ya zo tare da tsami da gurɓacewar launi, to ƙwayoyin cuta ne suka shiga. Ɗanyen tuffa ko sabuwar yankakkiyar kabewa alamar giyar da ba ta nuna ba ce, an ɗura ta da wuri. Ruwan dafaffiyar masara ko kabeji yana nuna ba a tafasa ruwan tsiron da ƙarfi ba, ko an rufe tukunya, ko an yi jinkirin sanyayawa.

Biyu sun fi damun masu dafawa a ƙasarmu. Ɗaya zafi ne lokacin da yis ke aiki: wuta ta ɗauke, tanki ya hau digiri 26 ko fiye, sai giyar ta fito da warin ayaba mai yawa, ko na man goge farce, da zafi a maƙogwaro. Sanyin Jos yana taimakawa, amma tankin da ke tsaka da aiki yana haifar da nasa zafin, ya fi ɗakin da yake ciki ɗumi. Ɗayan kuma ruwan famfo ne mai kulorin da ba a tace ba, wanda ke ba da warin asibiti ko na filasta. Ɗan mitsitsi ya isa ya lalata tanki guda.

Sauran ba a gidan giyar ake yin su ba sau da yawa. Warin jiƙaƙƙen kwali, da zaƙi mai nauyi irin na tsohuwar zuma, da hof da ya mutu, tsufa ne: iska ta shiga, zafi ya hanzarta aikinta. Duk ƙarin digiri goma yana ninka saurin tsufan sau biyu ko fiye, saboda haka katan ɗin da ya taso daga Legas ko Abuja a bayan mota, ya sha ranar Keffi da Akwanga kafin ya hau dutse, ya riga ya yi asarar makonni. Warin bodari ko ƙonanniyar roba aikin haske ne a kan hof, kuma koriyar kwalba da fara ba sa karewa kamar mai ruwan ƙasa ko gwangwani. Tsamin binega kuwa, musamman a wadda aka zuba daga famfon ganga, yawanci bututun da ba a wanke ba ne ko gangar da ta daɗe a buɗe. Mai shan burkutu ya kula a nan, don bakinsa ya saba yafe tsami. A bita ko kaɗan ba shi da wuri.

Ana iya koya wa hanci waɗannan a gida da laga mai araha. Zuba kofi biyu, ajiye ɗaya a rana minti goma sha biyar, ɗaya a inuwa, ka shaƙa su. In ba ka ji bambanci ba gwada wata, don wasu kamfanoni suna amfani da hof da aka sarrafa yadda haske ba ya taɓa shi. Ɗiga binega digo uku a wani kofin. Buɗe kwalba, rage kaɗan, toshe ta, bar ta wuri mai ɗumi kwana huɗu ko biyar don ka san warin tsufa. Kullum da kofin da ba a taɓa ba a gefe.

Maki

Takardar BJCP maki 50 ce: ƙamshi 12, kallo 3, ɗanɗano 20, yadda take a baki 5, hukuncin gaba ɗaya 10. Daga 45 zuwa sama abin koyi ce, kuma ba kasafai ake kaiwa nan ba. 38 zuwa 44 ta yi kyau ƙwarai, gyara kaɗan ya rage. 30 zuwa 37 tana cikin ajinta da ƙananan kurakurai. 21 zuwa 29 ta kauce wa ajin ko tana da aibin da ake ji. Ƙasa da haka matsalar babba ce. Kowa ya rubuta nasa a ɓoye, sannan a kwatanta. In tazarar mutum biyu ta wuce maki bakwai, su koma kofin tare, kowa ya nuna abin da ya ji, maimakon a raba lambar biyu kawai.

Kuskuren da aka fi yi shi ne auna giya da son rai. Mai son baƙar giya zai rage wa Ordinary Bitter maki don ta yi masa sauƙi, alhali sauƙin nan tare da cikar ɗanɗano shi ne abin da ya fi wuyar yi, tun da giya mai ƙarfin 3.5 ba ta da inda za ta ɓoye kuskure. Akwai kuma batun dawa. Mai giyar da ya haɗa tsiron dawa ko acca saboda tsadar sha'ir bai yi laifi ba, kuma giyarsa tana iya fin ta sha'ir daɗi a bakin wasu. Sai dai jikinta kan fi sauƙi, kumfarta ba ta daɗewa, ƙamshin biskit ɗin nan ya ragu. In ya kira ta bitar Ingila a auna ta da ma'aunin Ingila. In ya faɗa a takarda cewa da dawa ya yi, a rubuta hukunci biyu, ɗaya na aji, ɗaya na daɗin sha.

Kafin a aika wa mai giya sakamako mai zafi, a nemo kwalba ta biyu daga wani kanti daban, in so samu ne mai wata ranar ɗuri. In aibin ya sake fitowa, daga tanki yake. In bai fito ba, hanya ce ko ajiya, kuma wannan ma yana bukatar ya sani. A cikin takardar a rubuta ranar da ke jikin kwalbar, unguwar da aka saye ta, a firji take ko a kan kanta, da digirin da aka sha ta. Maimakon "ba ta da daɗi", a rubuta abin da zai iya aiki da shi: "warin bota matsakaici, ya ƙaru da ta ɗumama, babu tsami, a gwada barin ta kan yis kwana biyu ko uku a digiri 20 kafin a sanyaya."